Kiɗan Baƙin Ƙarfe da Labaran Ƙage: Wa A Ke Yi Wa Kirarin?

 

Akwai wata tambaya da ta shigo zaurukanmu ta hannun 'yan kasuwa, musamman iyayen samarin nan masu rumfunan tura waƙa da fim a cikin waya. Tambayar kuwa ita ce: mene ne hukuncin wani irin kiɗa na Turai da a ke kira bilak metal, watau baƙin ƙarfe, wanda a ke cewa baitocinsa an ɗebo su ne daga littattafan labaran aljannu da dodanni? Shin kafirci ne, ko wasa ne irin na tatsuniya? Ban ce kiɗan nan ya yi yawa a ƙasarmu ba, gama bai yi ba, cikin samari ɗari da ƙyar ka sami ɗaya da ya taɓa jin sunansa. Amma waya ba ta da ganuwa, ba ta da Sarkin Ƙofa. Abin da a ka buga a Turai da safe, yaro na iya saurarensa a gindin dutsen Rurum kafin la'asar. Saboda haka ya kamata malami ya san abin tun ba a zo masa da shi a gigice ba, don kada ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba.

Ga yadda abin ya ke, bisa ga abin da na saurara da kunnena, da abin da ɗalibanmu da su ka yi nisa a boko su ka fassara mini. Kiɗa ne na garayar lantarki da ganguna, a na buga su da sauri kamar ƙanƙara na zuba a kan rufin kwano. Mawaƙin ba ya rera murya, kururuwa ya ke yi daga maƙogwaro, har Baturen da a ka haifa cikin harshen ba ya gane abin da a ke faɗa sai ya duba takardar da ke cikin faifan. Da yawansu su kan shafe fuska da fari da baƙi su koma kamar gawa. Sunan ya samo asali daga wani faifai da waɗansu mawaƙan Ingila da a ke kira Venom su ka fitar a 1982, amma inda abin ya yi ƙarfi ya yi muni shi ne ƙasar Nowe, wajen 1991 zuwa 1993.

Littafin da su ka fi ɗiba a cikinsa kuwa na wani Bature ne, Tolkin, malamin tsofaffin harsuna a jami'ar Okusfod. An haife shi a 1892, ya ga Yaƙin Duniya na Farko da idonsa a Faransa a 1916, ya mutu a 1973. Kirista ne mai riƙo da ɗariƙar Katolika ƙwarai. Babban littafinsa, The Lord of the Rings, watau Ubangidan Zobba, ya fito kashi uku a 1954 da 1955. Labarin wani zobe ne na sihiri wanda wani azzalumin sarkin duhu ya ƙera don ya mallake duniya, zoben ya ɓace masa, ya faɗa hannun wani ɗan gajeren taliki mara ƙarfi, wanda ba jarumi ba ne, ba ɗan sarki ba ne. Dattawa su ka yi shawara, su ka ga duk wanda ya sa zoben don ya yi gyara da shi, zoben zai lalata zuciyarsa ya mai da shi azzalumi na biyu, don haka babu mafita sai a kai shi dutsen wutar da a ka ƙera shi a jefa. To, duk littafin a kan wannan tafiya ne. Wanda ya karanta ƙissar sarakuna, ya ga yadda mulki ke juya mutumin kirki, ba zai ce ma'anar nan banza ce ba. Kuma da ya ke mutumin gwanin lugga ne, sai ya ƙaga wa kowace al'umma ta cikin labarin harshenta. Mutanen kirki ya ba su harshe mai daɗi, rundunar azzalumin kuwa ya ƙaga musu wani harshe mai kaushi da gangan, don mai karatu ya ƙyamace shi. Har an ruwaito daga wasiƙunsa cewa wani mai sha'awar littafin ya aiko masa da kofi an zana rubutun wannan mugun harshe a jikinsa, shi kuwa ya ƙi shan ruwa da shi, ya mai da shi wurin zuba tokar taba.

Nan ne abin mamaki ya ke. Da samarin nan na Nowe su ka tashi neman sunaye, ba su ɗauki sunan ɗan talikin da ya wahala ya kai zoben wuta ba, ba su ɗauki na dattijon da ya ba da shawara ba. Sunayen maƙiya su ka ɗauka. Wani ya kira ƙungiyarsa Burzum, kalma ce ta wancan mugun harshe, ma'anarta duhu, shi kansa kuma ya laƙaba wa kansa sunan ɗaya daga dodannin rundunar azzalumi. Waɗansu su ka kira tasu Gorgoroth, sunan wani ƙeƙasasshen fili ne a ƙasar sarkin duhu. Ba su tsaya ga suna ba. A watan Yuni na 1992 a ka ƙone wata tsohuwar majami'ar katako a Fantoft kusa da birnin Bagen, wadda a ka gina tun wajen shekarar 1150, waɗansu majami'u da dama su ka biyo baya. A watan Agusta na 1993 mai Burzum ɗin nan, Varg Vikernes, ya daɓa wa abokin kiɗansa wuƙa ya kashe shi a Oslo. A 1994 kotu ta kama shi da laifin kisa da ƙone majami'u, ta ɗaure shi shekara 21, wanda shi ne iyakar ɗauri a dokarsu a wancan lokaci, a ka sake shi a 2009. Kada wani ya ce ai majami'a ce, ina ruwanmu. Wanda ya ƙone ɗakin ibadar iyayensa don ƙin Allah, in ya sami masallaci ba zai tsallake shi ba. Ga shi kuwa har a ƙasar Saudiyya an sami waɗansu tun 2008 su na irin kiɗan a ɓoye, sun rufe sunayensu, ƙungiyarsu kuwa sun sa mata sunan Lamarudu, wanda ya jefa Annabi Ibrahimu a wuta.

Amma adalci wajibi ne ko a kan wanda ba ka so. Ba dukansu ne haka ba. Akwai waɗansu mutum biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ƙungiyarsu Summoning, sun fara a 1993, faifansu mai suna Minas Morgul ya fito a 1995, na baya-bayan nan da na sani a 2018. Su waɗannan ba a san su da ƙone-ƙone ba, ba sa kiran Shaiɗan, ba sa ma hawa dandali su yi wasa gaban jama'a. A ɗaki su ke haɗa kiɗansu da na'ura, su ɗebo baitocin da Tolkin ya rubuta na kewar ƙasar da ta shuɗe, da yaƙe-yaƙen mazan jiya, da tafiya cikin duwatsu, su ɗora a kan kiɗa mai nauyi a hankali. Duk da haka, a faifansu na 2006 sun yi waƙa guda cikin wancan mugun harshe, da bakin rundunar azzalumi. To, irin wannan faifai shi ne ainihin abin da a ka tambaye mu, kuma shi ne mai wuyar hukunci, gama na masu zagin Allah ba ya bukatar dogon bincike.

Waɗansu 'yan'uwa sun gaggauta, sun ce ai tun daga tushe abin ɓatacce ne, domin labarin ƙarya ne, ƙarya kuwa haramun ce. Ina roƙon gafararsu, wannan magana ba za ta tsaya ba, kuma shaidar rushe ta na nan cikin gafakarsu. Wane ne a cikinmu ya yi nisa a lugga bai durƙusa gaban malami ya karanta Muƙamatul Hariri ba? Muƙama hamsin ce, Hariri ya rasu a shekara ta 516 ta Hijira, kuma tun daga ta farko har ta ƙarshe labarin Abu Zaidi Assaruji ne, tsoho mai wayo, mai yaudarar jama'a da daɗin baki, wanda ba a taɓa haihuwarsa ba. Malamanmu sun san ƙage ne, sun karantar da shi shekaru aru-aru, a Kano da Zariya da Sakkwato, ba wanda ya ce sun yi ƙarya. Haka mu ke karanta waƙoƙin mawaƙan jahiliyya, da giyarsu da matansu da alfaharinsu, don mu san Larabcin da Alƙur'ani ya sauka da shi. Ƙarya ita ce ka ba da labarin abin da bai faru ba don a gaskata ka. Tsohuwa kuwa in ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta riga ta yi shela cewa abin da zai biyo ba gaskiya ba ne, in ta gama kuma ta ɗora laifin a kan Gizo. Ba yaron da ya taɓa tashi da safe ya tafi neman gidan Ƙoƙi.

Mu ma da namu. A gasar da a ka yi a 1933, wadda littattafanta su ka fito a 1934, Malam Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, inda Alhaji ya ratsa ƙasashe har ƙasar aljannu neman ruwan magani, su na ta gwabzawa da Malam Zurƙe, kuma duk wanda ya san Muƙama zai ji ƙamshinta a ciki. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, ya rubuta Ganɗoki, jarumin da ya yaƙi Nasara, sa'an nan ya faɗa duniyar aljannu da takobinsa. Daga baya Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi. Malam Abubakar Imam da Malam Bello Kagara 'ya'yan malami ne, sun sha tawada tun su na yara, ba su ga sun saɓa wa Allah ba. Har ma mu mutanen Rano, in mu ka ce duk labarin da a ka ambaci dodo a ciki a jefar, yaya za mu yi da kirarin Autan Bawo? Ai asalinsa labarin Bayajida ne da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, da 'ya'yan Bawo da a ka raba wa aiki, Kano da Rano su ka zama sarakunan baba. Masana tarihi sun yi saɓani a kan gwargwadon abin da ya faru da gwargwadon abin da baki ya ƙara, amma ba mu fasa faɗa wa 'ya'yanmu ba, gama a cikinsa su ke sanin su su wane ne.

Sai dai mai ja zai kawo hujja mai ƙarfi, kuma dole a saurare shi. Zai ce, ina labarin Nadiru ɗan Harisu? Malaman tafsiri, har da Jalalaini da ke hannun kowa, sun ambata a ƙarƙashin aya ta shida ta Suratu Luƙman cewa mutumin nan ya kan je fatauci Hira, ya sayo labaran Farisawa, ya zo Makka ya zauna ya na ba Ƙuraishawa labarin Rustuma da Isfandiyara, don su bar sauraren Alƙur'ani. Abdullahi ɗan Mas'udu kuma ya fassara abin da ayar ta zarga da waƙa. Ga labarin jarumai na ƙage, ga waƙa, ga fatauci, duk sun haɗu a wuri guda, kamar don tambayarmu a ka saukar. Gaskiya ne. Amma a duba abin da a ka zarga. Ayar ta ɗaure zargin da manufa, watau sayen zancen don a ɓatar da mutane daga hanyar Allah, a mai da ita abin izgili. Laifin Nadiru shi ne ya kafa Rustuma kishiyar Alƙur'ani. Da ya ba 'ya'yansa labarin da dare bayan sun yi abin da ke kansu, da ba mu ji sunansa a tafsiri ba.

To, da me za mu auna? Ni a ganina Bahaushe ya riga ya mallaki ma'aunin tun ba yau ba, ma'aunin kuwa shi ne kirari. Kowa ya san maroƙi ba ya kiɗa a iska. In ka ji tambari, ka san akwai sarki. In ka ji kalangu a mahauta, ka san na Sarkin Pawa ne. In ka ji gangar noma, akwai wanda a ke zugawa a bakin kunya. Kowane kiɗa da ubangidansa, kuma wanda ka ke yi wa kirari shi ka ke ƙara wa girma a zukatan masu ji, ko ka nufa ko ba ka nufa ba. Mai tatsuniya ya kan ambaci Dodo don yaro ya ji tsoronsa, ya ƙi halinsa, ya yi murna ran da a ka fasa cikinsa mutane su ka fito. Tolkin ma haka ya yi da sarkin duhunsa. Amma wanda ya ɗauki garaya ya tsaya a ƙofar Dodo ya na zuga shi, ya sa sunansa, ya shafa fuskarsa, wannan ya bar layin masu ba da labari ya shiga layin bara. Littafi guda ne, wani ya shiga ta ƙofar gaba, wani ya haura ta katanga.

Na san ƙa'idar da malamai za su tuna mini, cewa mai naƙalto kafirci ba kafiri ba ne, Alƙur'ani da kansa ya hakaito mana maganar Fir'auna da ta Iblis. Saboda wannan ƙa'ida ne ba zan kafirta mutanen Biyana don waƙa guda da su ka yi da bakin dodanni ba, balle yaron da ya saurara bai san ko me a ke cewa ba. Kafirta Musulmi abu ne mai nauyi, kada a yi shi a kan ƙarar garaya. Abin da na ke gani game da faifai irin nasu shi ne, hukuncinsa hukuncin sauran kiɗan tsirkiya ne, ba ƙari ba ragi. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Maliku hani ne, Risala ta hana sauraren kayan wasa da gangan, Muhtasar ya yi rangwame ga ganga mai fuska ɗaya a wurin biki. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya faɗaɗa, ya mai da abin ga halin mai ji da abin da waƙar ke motsawa a zuciyarsa, ko da ya ke shi ma bai saki kayan tsirkiya ba. Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa, ya tsananta a kan kaɗe-kaɗen sarakuna a Kitabul Farƙi, sa'an nan a Najmul Ihwan ya ja hankalin almajiransa kada su yi inkari mai tsanani a kan abin da malamai su ka yi saɓani, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a kan tsanantawa. A zamaninmu ma mun ga yadda Malam Nasiru Kabara ya tsaya wa bandiri, waɗansu su ka ja da shi. Wanda ya hana ɗansa saboda wannan, ya bi mashahuri, ba a zarginsa. Illa dai ya hana da sunan da ya dace, ya ce lagawu ne mai cin lokaci, mai sa zuciya ta saba da baƙin ciki da duhu, kada ya ce ridda ce.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi yi mana ciwo. Mu na ɗaga murya a kan dodannin da wani Bature ya ƙaga a ɗakin karatunsa, waɗanda shi da mawaƙan da masu saye duk sun san babu su. Amma a ƙauyukanmu, in dare ya yi, wani lokaci ka kan jiyo garaya da buta, ko goge, kuma kowa ya san ba na farauta ba ne. Mai garayar bori shi ma baitocinsa daga wata duniya ya ke ɗebo su, da birninta Jangare, da sarkinta, da fadawanta, da Ɗan Galadima, da Sarkin Rafi, da Kuturu, da Inna, kowanne da takensa da kirarinsa. Bambancin shi ne, a nan ba wanda ya ce ga ta nan ga ta nanku. A na kiɗan ne don wanda a ke kira ya zo, a yanka masa abin da ya ke so, a roƙe shi lafiya ko haihuwa ko kasuwa. In a na neman waƙar da baitocinta ke taɓa tauhidi, ga ta nan kusa, da Hausa, ba ta bukatar tafinta. Kuma masu zuwa wurin ba baƙi ba ne, matanmu ne da ƙannenmu, waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu, asibiti ya yi musu nisa ko tsada, mu kuma malamai ba mu zauna mun saurare su ba. Har a cikin fatake akwai mai salla a sahun farko, amma in ciniki ya tsaya ya san hanyar gidan boka. Wannan ya fi faifan Biyana bukatar wa'azinmu nesa ba kusa ba.

Haka kuma littattafan yaƙi da jarumtaka na marubutan Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, waɗanda yanzu a ke karanta su da murya a tura a waya, direba na ji, tela na ji, mai awo na ji. Ban ga laifin asalinsu ba, jikokin Ganɗoki ne. Abin da zan roƙi masu irin wannan rubutu shi ne su riƙa duba wa alƙalaminsu ke yi wa kirari. In an ɓata shafi goma a na kwatanta ƙarfin matsafi da kwarjininsa da dakarunsa, sa'an nan a ka kashe shi a layi biyu, to yaro matsafin zai tuna.

Ga alhazai masu tambaya kuwa, ga abin da zan ce. Ɗanka da ke zaune a rumfa da kwamfuta, a na ba shi kuɗi ya na tura wa mutane abin da su ka zaɓa, ɗan kasuwa ne kamarka, hukuncin ciniki na kansa. Malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda ka tabbata giya zai matsa, mu a nan sai mu ce dawa ga mai burkutu. Bai wajaba a kansa ya binciki zuciyar kowane mai saye ba, amma ya wajaba ya san abin da ke cikin rumbunsa. Yawancinsu ba su sani ba, a kan juye musu kaya ne dubu-dubu daga Kano, su ma su juye wa na gaba, kamar mai sayar da buhu bai kwance bakinsa ba. Abin da a ka ga an zana gicciye a kife, ko tauraron tsafi, ko sunan Shaiɗan da Lamarudu, ko zagin wani addini ko wane ne, a share shi, kuɗinsa ba alheri. Wanda kuwa labarin jarumai ne kawai, wannan ya koma ga abin da uba ya zaɓa wa gidansa game da kiɗa. Kuma in ka kama yaro da shi, kada ka fara da bulala. Ka tambaye shi labarin. In ya iya ba ka labarin zoben tun daga farko, ka tambaye shi don me a ka ƙi amfani da shi, za ka sha mamakin inda hirar za ta kai ku. In kuwa bai san komai ba sai ƙarar da hoton fuskar gawa, to ka san abin da ya ja shi son a ce shi daban ne, maganin wannan kuwa a ba shi aiki da matsayi a gida.

Waɗansu za su ce a kai ƙara Hukumar Tace Finafinai, wadda a ka kafa a Kano a 2001, ko a kira Hisba. Su na da aikinsu, ban raina ba. Amma mun ga an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a Kano a 2007, yau ga su nan sun fi da yawa, sun bar takarda sun koma waya, inda ashana ba ta kaiwa. Magabatanmu ba haka su ka fi yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga bori ya riƙe matan ƙauye, sai ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis, ta ɗaura musu malfa, ta aika su gari-gari su na koya wa 'yan taru. Ta ba mata abin rerawa a bakin turmi maimakon wanda ta karɓe. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya ɗauki karin waƙar caji da ke tashe a bakin jama'a ya ɗora Imfiraji a kai, yau an manta cajin, Imfiraji na nan a bakin almajirai. Kuma wanda ya ji waƙoƙin wa'azi na malamanmu na dā, inda su ke kwatanta kabari da Walakiri da tsallake siraɗi, ya san ba mu rasa abin da zai sa gashin jiki ya tashi ba. Yaro na son abin tsoro, na son jarumi, na son ƙasa mai nisa, haka Allah Ya halicce shi. In bai samu a zaure ba zai samu a rumfa.

Abin takaici, almajirin tsangaya da ya iya karanta wannan shafi ba shi da Ruwan Bagaja ko Ganɗoki a rubutun da ya iya, sai dai ya ji a bakin wani. Ina kira ga masu maɗaba'a na Kano da Zariya, da alhazan Rano da Kibiya da Bunkure masu hali, a nemi izinin masu haƙƙin littattafan nan a juye su da ajami, da wasali cikakke irin na warash da yaranmu su ka saba, a sayar da araha a ƙofar masallatan Juma'a. A haɗa da yaƙoƙin sahabbai, da tafiyar Zulƙarnaini, da ƙissar Annabi Sulaimanu da aljannunsa kamar yadda ta inganta. Alarammomin da ke da kyakkyawan hannu su na nan a Tarai da Rurum da cikin garin Rano, masu rubuta Alƙur'ani da ka, aikin juye littafi mai shafi hamsin ba zai kai musu wata guda ba, in an biya su ladan tawada da takarda. Malamin da ya ga kuskure a hukuncin da na kawo, shafin nan a buɗe ya ke, ya aiko da nassinsa. Wassalam.